Kawu, in sayar da filin gado in yi fim ɗina?

Assalamu alaikum Kawu, da fatan kana lafiya da iyali. Ni ɗanka ne daga Garwa ta ƙasar Kamaru, shekarata 29. Sana'ata ɗaukar bidiyon biki da suna da walimar sauka, kuma alhamdu lillahi da ita nake rufa wa kaina asiri. Sai dai tun ina yaro burina in zama darakta. Ni da abokaina mun yi gajerun finafinai biyu mun ɗora a YouTube. 'Yan unguwa sun yaba, amma ko kuɗin man janareta bai dawo ba. Yanzu akwai labarin dogon fim da ya hana ni barci, na wani tsoho mai fito a kogin Binuwai da ɗansa da ya ƙi gadon jirgin. Labarin duk yana kaina tun daga farko har ƙarshe, kuɗi ne kawai babu.

Wani Alhaji da na ɗaukar wa bikin 'yarsa ya ce zai zuba kuɗi, da sharaɗin a sa waƙoƙi da rawa irin na finafinan Kano, kuma wata yarinya da zai kawo ita ce jaruma. Abokina da ke Kano yana cewa in tattaro in zo, a nan ɓata lokacina nake yi. Ni kuma zuciyata ta fi karkata ga sayar da filin da na gada wajen mahaifiyata, Allah Ya ji ƙanta, in yi fim ɗin yadda nake so ba mai juya ni. Har dillali ya zo ya gani.

Mahaifina yana da shagon atamfa da shadda a babbar kasuwa. Ƙarfinsa ya fara raguwa, ni ne babban ɗansa namiji, yana so in zauna a shagon. Ya ce fim sana'ar marasa mafaɗi ce. Gidan su yarinyar da nake nema su ma sun aiko cewa za su ba ɗan kasuwa, amma ba za su ba ɗan fim ba. Ita ba ta ce komai ba, sai kuka. Kawu, ina mafita? Ina tsoron in tsufa a shago ina cizon yatsa, ina kuma tsoron fushin mahaifi.

Ɗanka daga Garwa

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah Ya ji ƙan mahaifiyarka, Ya ƙara wa Baba lafiya.

Kafin komai, ka kira dillalin nan ka ce masa ka fasa. Sauran maganganun duk za mu iya warware su a hankali. Kano ba za ta gudu ba, Alhaji ma in da gaske yake zai jira, amma fili in ya bar hannunka ya bari ke nan, kuma kai ka fi ni sanin yadda kuɗin fili ke hawa a Garwa duk shekara. Ban ɗauki burinka shirme ba. Lissafi ne bai ba ni ba, kuma zo mu yi shi tare.

Duk wanda zai zuba kuɗi a fim, tambayar farko ita ce ta ina kuɗin zai dawo. Sinima? Gidaje uku na ƙarshe da suka rage a Kamaru, a Yawunde da Duwala da Bafusam, an rufe su a farkon 2009. Daga baya kamfanin CanalOlympia ya buɗe sinima a Yawunde a 2016, sannan a Duwala, duk a kudu. Mutumin Garwa sai ya hau mota zuwa Ngaundare, ya kwana a jirgin ƙasa, kafin ya ga babban allo. Faifan CD? Kasuwarsa ta mutu har a Kano inda ta fi ko'ina ƙarfi. Yau mutum ɗaya ne zai samu fim ɗinka, kafin la'asar masu tura fim a waya sun raba wa rabin gari, kuɗin kuma aljihunsu zai shiga. Saura YouTube. Kafin su fara raba kuɗin talla da kai sai tasharka ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo a cikin wata goma sha biyu, kuma ba kowace ƙasa ce ke cikin tsarin ba. Najeriya tana ciki. Kai sai ka buɗe jerin ƙasashen ka duba da idonka kafin ka gina lissafi a kai. Ko ka shiga, tallar da ake nuna wa masu kallo a yankinmu ba ta da tsada, saboda haka dubban kallo kan haifar da abin da bai taka kara ya karya ba. Waɗanda suke ci da YouTube a Kano masu dogon zango ne, masu sakin sabon kashi duk mako ba fashi. Fim ɗaya tilo na sabon darakta ba ya mayar da kuɗin fili ta wannan hanya.

Yanzu ga inda zan ɗan taka ka. Ka ce labarin duk yana kanka, kuɗi ne kawai babu. Ɗana, labarin da ke kai bai zama labari ba tukuna. A kai komai daidai yake, domin ba a taɓa gwada shi ba. Ranar da ka zauna da biro za ka ga farkon yana nan, ƙarshen yana nan, tsakiyar kuma wani babban rami ne. Me tsohon nan yake so ban da ɗansa ya karɓi jirgi? Me ɗan yake gudu, kuma wa ya tsaya masa a hanya? Ina uwar yaron take, me take cewa idan su biyun ba sa ɗaki ɗaya? Wace rana ce a cikin labarin da bayanta ba komawa? In ba ka da amsar waɗannan a takarda, to ko an ba ka miliyan nawa a lokeshin za ka je kana nemansu, jarumai suna zaune a inuwa kana biyan abincinsu. Kai ɗan mai shadda ne, ka san tela ba ya sa almakashi a gezna sai ya gama awo.

Rubutu kuwa ba ya cin ko sisi. Ka fara da jimla biyu da za su ɗauke labarin gaba ɗaya, irin wanda za ka gaya wa mutum kafin ya gama shan shayinsa. Daga nan shafi ɗaya. Daga nan shafi goma, fitowa bayan fitowa, ba tare da zance ba, abin da ido zai gani kawai. Sai bayan haka ka zuba maganganu. A tsarin da aka saba rubuta fim, shafi ɗaya kusan minti ɗaya ne a allo, ke nan dogon fim yana neman shafi tamanin zuwa ɗari. Idan ka gama, ka tara mutane su karanta da ƙarfi kana saurare, kuma kada su zama abokan nan da suke yaba duk abin da ka yi. Ka nemi malamin makaranta mai karatun littattafai, da wata dattijuwa da ta iya tatsuniya, da mai fito na gaske. Inda ka ga sun fara duba waya, ka sa alama.

Af, na kuma lura cewa labarin tsoho da ɗan da ya ƙi gado ba daga nesa ka ɗauko shi ba. Wannan ba aibu ba ne. Sai dai ka yi wa tsohon adalci a rubutun. In ka mai da shi azzalumi kawai, fim ɗin zai zama ƙorafi, mai kallo kuma yana gane ƙorafi tun daga nesa.

Daga cikin wannan dogon labari ka ciro fitowa ɗaya mai ƙarfi ka mai da ita gajeren fim na minti goma zuwa sha biyar: mutum biyu ko uku, wuri ɗaya, yini ɗaya. Wannan kuɗin bikin wata biyu ko uku zai ɗauke shi. Kuma a wannan karon ka kashe kuɗinka a kan sauti. Ban ga finafinanka biyu ba, amma na ga na samari masu ɗaukar biki da yawa, kuma ciwonsu ɗaya ne: hoto tas, launi ya fito, amma da jarumi ya buɗe baki sai ka ji kamar daga cikin rijiya yake magana, ga kukan janareta, ga babura suna wucewa. A biki wannan ba ya damun kowa, don a ƙarshe kiɗa ake shimfiɗawa a kai. A fim, mai kallo zai haƙura da hoto mai ɗan duhu, amma ba zai haƙura da maganar da ba ya ji ba. Ka sayi ƙaramin makirfon na maƙalawa a riga da rakoda mai zaman kanta, ka ware mutum ɗaya wanda ba shi da wani aiki sai sa abin ji a kunne. Janareta a kai shi nesa da doguwar waya, a bayan gini. Bayan kowace fitowa kowa ya yi shiru na minti ɗaya a ɗauki sautin wurin, ranar tacewa za ka gode wa Allah da ka yi haka. A bakin kogi iska ce abokiyar gaba, sai an rufe makirfon da abin tare iska. Haske kuma na safe da na bayan la'asar ne naka. Ranar Garwa ta watan Maris da Afrilu ba ta barin fuska ta yi kyau da tsaka, ba ta barin kamara ta huce. Duk abin da aka ɗauka a kwafe shi wuri biyu a daren, kafin kowa ya kwanta. Manhajar tacewa ba sai ka saya ba, DaVinci Resolve tana da ta kyauta mai isar ka. Kada ka sa waƙar wani ba da izininsa a rubuce ba, kuma kowane jarumi ya sa hannu a takardar yarda ko da ƙaninka ne. Kafin ka kafa kamara a bakin ruwa, ka gaida jauron unguwar da shugaban masu fito, ka kuma leƙa ofishin ma'aikatar fasaha da al'adu na jiha ka ji maganar izinin ɗauka.

Kana ganin shekara 29 kamar rana ta yi. Dubi maƙwabcinku na Chadi, Mahamat-Saleh Haroun. An haife shi a Abeche a 1961, yaƙi ya fitar da shi daga ƙasarsa, ya bi ta Kamaru, ya isa Faransa a 1982. Ya yi shekaru yana aikin jarida yana ci da kansa. Gajeren fim ɗin da aka fara saninsa da shi sai a 1994, dogon na farko a 1999, yana da shekara 38. Lambar alƙalai ta bikin finafinai na Cannes ta zo a 2010, kuma a shekarar da ta biyo aka sake buɗe sinimar Normandie a Njamena bayan ta daɗe a rufe. Ka lura da tsarin: sana'ar da ke ciyar da shi, sai gajere, sai dogo. Sannan finafinan da suka fitar da sunansa labaran Chadi ne, da titunan Njamena da Larabcin da ake yi a can. Ga kuma 'yar ƙasarku Cyrielle Raingou, wadda ta ɗauki rayuwar yara a Kolofata, can Arewa Mai Nisa, fim ɗin ya ci babbar lambar bikin finafinai na Rotterdam a 2023. Kolofata fa, ba Paris ba.

Wannan shi ne abin da nake so ya zauna maka. Abokinka yana ganin zama a Garwa shi ne cikas ɗinka, ni kuwa ina ganin shi ne jarinka. A Kano akwai ɗaruruwan samari da suka fi ka sanin yadda ake fim ɗin Kano, sun fi ka sanin furodusoshi, Hausarsu ita ce wadda kasuwar ta saba da ita. Amma a cikinsu babu wanda ya san yadda Binuwai ke janyewa da rani ta bar rairayi, ko yadda ake ciniki a kasuwar Pitowa ranar Lahadi, ko masuntan Lagdo, ko yadda mutum ɗaya zai gaisa da Fulatanci, ya yi ciniki da Hausa, ya yi faɗa da ɗan sanda da Faransanci, duk a cikin minti biyar. Wannan ba a taɓa gajiya da ganinsa a allo ba, domin ba a cika nuna shi ba. Kada ka goge shi don ka yi kama da wani. Ka bar jarumanka su yi magana yadda ake yi a unguwarku, ka sa fassara a ƙasan allo.

Kuma kana da abin da yawancin 'yan Kano ba su da shi, wato Faransanci. Akwai hanyar neman kuɗin fim da ba ta bi ta aljihun Alhaji ko filin gado ba. Ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci tana da asusun tallafa wa finafinai, Fonds Image de la Francophonie. Akwai Fonds Jeune Création Francophone da aka yi don sababbin masu fim na ƙasashen Afirka irin taku. Akwai Hubert Bals na Rotterdam, da World Cinema Fund na Berlin. Akwai Ouaga Film Lab a Burkina Faso, inda ake zaunar da darakta da furodusansa a gyara musu labari. Kada in yaudare ka: masu nema suna da yawa, waɗanda ake ba kaɗan ne, amsa tana ɗaukar watanni, kuma sau da yawa sai ta hannun kamfanin shirya fim mai rajista ake nema. Abin da suke buɗewa su duba kuwa shi ne taƙaitaccen labari, da rubutun fim, da takardar da darakta ke bayyana dalilinsa na yin fim ɗin da yadda yake ganinsa, da kasafin kuɗi, da aikin da ya taɓa yi. Ka ga duk sun dawo kan takarda da gajeren fim ɗin nan. Idan ya kammala kada ka yi gaggawar ɗora shi a intanet, domin bukukuwan finafinai da yawa ba sa karɓar fim ɗin da ya riga ya yaɗu. Ka fara aika shi Écrans Noirs na Yawunde, wanda Bassek Ba Kobhio ya kafa a 1997. Ka sa ido kan FESPACO na Wagadugu, da ake yi tun 1969, yanzu duk bayan shekara biyu. Ko ba a zaɓi naka ba, ka yi tanadin kuɗin mota ka je Yawunde lokacin bikin. A irin wuraren nan ake haɗuwa da furodusa, kuma furodusa nagari ya fi maka kamara sabuwa amfani.

Kano kuma ban hana ka ba, sai dai ka je a matsayin ɗalibi mai ranar dawowa. Wata biyu ko uku, a lokacin da bukukuwa suka yi sauƙi. Ka ce wa abokinka ya nema maka gurbi a bayan kamara, mataimakin darakta ko mai kula da kwantiniti, wato daidaituwar kaya da yanayi daga fitowa zuwa fitowa, ko da ba za a biya ka abin kirki ba. Abin da za ka koya a can babu makarantar da za ta ba ka: yadda ake tsara ɗaukar yini, yadda ake tafiyar da mutum talatin masu yunwa, yadda darakta ke lallashin jarumin da ya zo a makare yana fushi, yadda ake gama fitowa goma sha kafin magariba. Masana'anta ce da ta haura shekara talatin, tana da ƙungiyoyinta, kuma jihar tana da hukumar tace finafinai tun 2001 mai neman masu sana'ar su yi rajista. Ka tafi da takardunka cikakku, ka tambayi ƙa'ida kafin ka shiga lokeshin. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ka sayar da kayan aikinka, ka saki kwastomominka, ka je ka zauna a Zoo Road, matattarar 'yan fim, kana jiran a kira ka.

Alhaji fa? Kada ka raina shi. Mutumin da ya ga aikinka ya ce zai sa kuɗinsa ya girmama ka, kuma mai kuɗi yana da haƙƙin faɗin abin da yake so. Kuskuren shi ne ka ba shi labarin mai fito. Wannan labarin ba ya ɗaukar rawa a gindin bishiya, in aka cusa masa zai lalace, kai ka ji haushi, shi ma bai samu abin da ya biya ba. In kana so, ka ce masa za ka rubuta wani labarin daban, mai sauƙi, na soyayya da waƙa yadda yake so, ka yi masa a matsayin aikin kwangila, ya biya ka ladanka. A haka ka koyi jan dogon fim da kuɗin wani. Amma a rubuta komai a gaban shaidu: nawa zai bayar kuma a kashi nawa, nawa ne ladanka, fim ɗin na wane ne, wa ke da maganar ƙarshe a tacewa. Kuɗin tacewa a ware shi tun farko, kusan kashi ɗaya cikin uku, don finafinan da suka mutu a cikin kwamfuta saboda kuɗi ya ƙare a lokeshin ba su ƙirguwa. Ita kuma yarinyar, a gwada ta kamar kowa, kuma ka ji daga bakin iyayenta ko waliyyinta cewa sun yarda. In Alhaji ya ƙi gwaji, ko ya ƙi a je gidansu, ko ya ce takarda ta mece ce tsakaninmu, ka yi masa godiya ka janye. A gari irin Garwa, magana ɗaya a kan 'yar mutane ta isa ta rufe maka ƙofar fim da ta biki gaba ɗaya.

Sai Baba, kuma nan ne zuciyarka ta fi ciwo, na sani. Ka cire kalmar marasa mafaɗi ka ajiye gefe, ka saurari abin da ke ƙarƙashinta. Dattijo ne da ya ga ƙarfinsa yana tafiya, ya gina shago da guminsa, yana da iyali da ke ci daga ciki, ya duba bai ga wanda zai riƙe ba. Abin da ya sani game da fim kuma shi ne abin da ake faɗa a majalisa da abin da yake gani a wayoyin yara. Ta wannan fuskar, tsoronsa ba na banza ba ne. Kuma ka sani, ranar da ya ji ka sayar da filin matarsa marigayiya don fim, ka tabbatar masa da duk abin da yake zargi.

Kada ka je masa da gardama, kuma kada ka je kai kaɗai. Ka nemi wanda yake jin nauyinsa, baffanka ko limamin unguwa ko abokin kasuwancinsa, ka fara zaunar da shi ya fahimce ka. Sannan ku je da tayi a hannu. Misali, ka karɓi shagon da safe zuwa azahar, ka riƙe littafin lissafi da sayen kaya, a ɗauko ƙaninka ko wani yaro amintacce ya fara koyo a ƙarƙashinka. Yamma da ƙarshen mako naka ne, na biki da rubutu. Ka roƙe shi shekara biyu a haka, da alkawarin ba za ka taɓa jarin shago ko filin ba, kuma ba za ka ɗauki abin da zai ji kunyar gani ba. In shekara biyu ta cika ku sake zama. Ba ƙaramin abu ba ne ka ba da safiyarka, na sani. Amma mai rubuta labarin mutane ba ya asara a kasuwa. Zauna ka ji yadda mata ke taya atamfa, yadda dillali ke rantsuwa, yadda Baba ke gane mai saye daga mai kallo tun kafin ya yi sallama. Ka ajiye ɗan littafi a ƙarƙashin teburin.

Wani abu kuma, in ka ga fuska: ka roƙe shi ka ɗauki hirarsa. Ya ba ka labarin yadda ya fara kasuwanci, hanyoyin da ya bi, mutanen da suka riƙe shi. Ka tace shi da kyau, minti goma, ka nuna masa tare da jikokin gidan. Dattawa da yawa ba su taɓa ganin kamara ta yi abin da ya shafe su ba sai rawa. Ban ce zai sauya ra'ayi a ranar ba. Zai dai san abin da hannunka ke iya yi.

Game da yarinyar, kukanta ba amsa ba ce, kuma ba daidai ba ne ka yanke mata hukunci da shi. Ka tambaye ta kai tsaye, ta hanyar da ta dace, ko za ta iya zama da mijin da wani lokaci zai yi wata biyu a Kano ko mako a Yawunde, wanda kuɗinsa ke zuwa yau da yawa gobe babu. Ka gaya mata gaskiyar shirin, har da cewa fim ba abin da za ka bari ba ne. Kada ka yi wa iyayenta alkawarin ka daina alhali kana da niyyar komawa bayan an ɗaura. Wannan shi ke kashe aure tun kafin a kai amarya. Abin da manyanka za su kai gidansu gaskiya ne kuma ya isa: yaro yana da sana'ar ɗaukar bidiyo mai kawo kuɗi, yana riƙe da shagon mahaifinsa, yana da filinsa. Iyaye da yawa abin da suke tsoro a kalmar ɗan fim shi ne rashin madafa da zubar da mutunci, in suka ga madafa suka kuma san gidan da ka fito sukan sassauto. In kuma sun kafe duk da haka, ita ma ta bi bayansu, zai yi zafi, amma gara ka sani yanzu.

Sana'ar bikin nan kuma ka daina kallonta kamar wurin jira. Ka yi mata rajista a matsayin ƙaramin kamfani, ka buɗe mata asusu daban, ka riƙa cire wani kaso daga kowane aiki kana ajiyewa don gajeren fim. Da takardar rajista za ka iya neman aikin ƙungiyoyin agaji da ke Garwa da Marwa, masu buƙatar bidiyon wayar da kai da Hausa da Fulatanci, kuma sun fi biki biya. Ka dai kula kada ka wayi gari shekara biyar ta wuce kana ta fim ɗin wanke hannu da sabulu, naka yana cikin jaka.

A wannan makon abu uku nake so ka yi: ka sallami dillali, ka je wajen baffanka, ka sayi littafin rubutu. Idan shafi ɗayan nan na labarin mai fito ya kammala, ka aiko mini in karanta, ka kuma gaya mini yadda zamanku da Baba ya kasance. Ka gaishe shi da kyau. Allah Ya yi maka albarka, Ya zaɓa maka mafi alheri.

Kawunka